Layinka, lambobinka da lambar sirrinka: kada su haɗu a hannun wani

Sana'ata fotokwafi ce da cike wa mutane takardu ta intanet, a wani ɗan shago a Tudun Wada, ga kuma na'urar POS a gefen tebur. Daga safe zuwa magariba sirrin jama'a ne ke ratsawa ta hannuna: takardar NIN, fasfo, takardar haihuwa, katin banki, wani ma wayarsa zai miƙo a buɗe ya ce, “Malam, duba min.” Abin da zaman nan ya nuna min shi ne, yawancin waɗanda aka yi sojan gona da sunansu, ko aka yashe musu asusu, ba wani gwanin kwamfuta ne ya fasa banki ya iske su ba. Tsintar bayanansu aka yi ɗai-ɗai, wannan daga bola, wancan daga kiran waya, har suka cika.

Abu uku ɓarawon bayanai yake nema. Akwai lambobin da ke nuna kai wane ne, wato NIN da BVN da ranar haihuwa. Akwai layin wayar da banki ya san ka da shi. Sai kuma sirrin da ya kamata a ce a kanka kaɗai yake: PIN, kalmar sirri, da lambar OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da ake turo maka ta saƙo. Ɗaya shi kaɗai bai cika yin mummunar ɓarna ba. In biyu suka haɗu a hannunsa, kana bakin rami. In ukun suka haɗu, kafin ka farga an gama. Duk abin da zan faɗa a kan wannan yake, yadda za ka hana su haɗuwa.

Wanne ake bayarwa, wanne ake hanawa

Lambar asusunka mai lamba 10, wadda ake turo maka kuɗi da ita, ba sirri ba ce. Ka rubuta ta a bangon shago ma, ba laifi. Ina faɗar haka ne don na sha ganin mutum yana ɓoye lambar asusu kamar ransa, amma ya karanta wa baƙo lambobin bayan katinsa ta waya.

BVN da NIN suna tsaka-tsaki: akwai inda dole ka bayar, amma ba ga kowa ba. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a Fabrairun 2014, lamba 11 ce, ita ta ɗaure duk asusun da kake da shi wuri guda. NIN ita ma lamba 11 ce, daga hukumar NIMC take. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, JAMB ta bi sahu a 2021, tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ma sai da ita. A ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya ce kowane asusu, har na manhajojin waya, sai an ɗaura shi a kan BVN ko NIN. Wannan ya rage wasu matsaloli, amma ya ƙara wa lambobin nan daraja a idon mugu. Da su kaɗai ba zai iya cire maka kuɗi ba. Sai dai zai iya gwada buɗe asusu da sunanka, ko cin bashi, ko ya kira ka ya karanto maka su don ka yarda daga banki yake.

Wanda ba a bayarwa ko da wasa shi ne kashi na uku: PIN na kati, PIN na tura kuɗi, kalmar sirrin manhaja, OTP, dogayen lambobin gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun nan na bayansa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar su. Ɗan sanda ba ya tambaya. Ni da ke riƙe da POS ba ni da hurumin tambaya.

Layin waya, nan ne gaɓar

In abu ɗaya kawai za ka yi bayan karanta rubutun nan, to ka sa wa sim ɗinka PIN. Mutane da yawa sun ɗauka kulle fuskar waya da zane ko yatsa ya wadatar. Bai wadatar ba. Wanda ya zare maka waya a cinkoson Kasuwar Gumi, ko a tashar Kawo, ko ya fizge ta a cikin keke, sau tari sim ɗin ya fi wayar amfani a wurinsa. Zai cire shi ya sa a wata ƙaramar waya, daga nan duk saƙon banki wurinsa zai zo. Lambar nan da muke danna wa don ganin BVN, *565*0#, shi ma zai iya danna ta, domin layi take amsa wa, ba fuskar mai layi ba. Ka ga biyu sun haɗu ke nan. Saura na uku, kuma in akwai katin ATM a bayan rigar wayar, kamar yadda matasa da yawa ke yi, ka sauƙaƙa masa hanya.

Ga yadda ake yi. Shiga saitin waya, ka nemi sashen tsaro, a ciki akwai wurin kulle sim. Ƙananan wayoyi masu maɓallai ma suna da shi. In ka kunna, zai tambaye ka PIN ɗin da sim ɗin ya zo da shi daga kamfani. A nan nake roƙon ka kada ka yi ta cinke: kuskure uku sim ya kulle, sai an sa PUK. PUK lamba 8 ce, tana jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuma in aka yi kuskurenta sau 10 sim ya mutu ke nan. Saboda haka ka fara nemo wannan kati. In ya ɓace, kira kamfanin layinka a 300 ko ka leƙa ofishinsu, su gaya maka PIN na asali da PUK ɗinka. Da zarar ka kunna, canza PIN ɗin zuwa naka, kada ya zama shekarar haihuwarka, kada ya zama ƙarshen lambar wayarka, kada kuma ya zama wanda kake cirar kuɗi da shi. Daga ranar, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna, ko aka mayar da sim ɗin wata waya, ba zai yi aiki ba sai da wannan lamba. Aikin bai kai minti biyar ba, kuma ban san wata kariya mai araha da ta kai shi ba.

Yayin da kake cikin saitin, kashe nuna saƙonni a fuskar waya idan tana kulle, don kada OTP ya fito ɓaro-ɓaro ga wanda ya ɗauki wayar. Ka kuma buɗe jerin sunayenka ka goge abin da ka adana a matsayin “akawun ɗina” ko “sirrin ATM”. Wurin farko da ake dubawa ke nan.

Ni ra'ayina, duk mai hali ya raba layi: wanda jama'a suka sani, wanda ke allon shago da WhatsApp, daban, wanda banki ya sani daban, a wayar da ba ta yawo sosai. Na san ɗan kasuwar da ke jiran alat kafin ya saki kaya zai ce wannan ba zai yiwu masa ba, kuma yana da gaskiya. Shi sai ya riƙe PIN na sim da kyau, ya kuma rage adadin kuɗin da za a iya turawa a rana ta lambobin dannawa, bankuna suna yin haka in ka nema. Amma in ka raba, kada ka jefa layin bankin a durowa ka manta. Layin da ya kwashe watanni ba kira ba kati, kamfani na da damar soke shi ya sayar wa wani, alhali banki bai sani ba, yana ta tura saƙonninka can. Masu tafiya ƙasar waje karatu ko neman kuɗi, da masu canza layi don wani ya fi arahar data, su wannan ya fi ci. In ka bar layi, je banki ka cike takardar canza lamba a makon, ka gyara ta BVN da ta NIN.

Wata alama kuma da ba a kwana da ita: layinka ya ɗauke ɗif, alhali na kusa da kai mai irin layinka yana kira lafiya. Kashe ka kunna. In bai dawo ba, kada ka ce sai gobe, mai yiwuwa wani ne ya yi welkom bak da lambarka, wato ya karɓi sabon sim da ita. Toshe asusunka tukuna, sannan ka nufi ofishin kamfanin. In ka je, roƙe su su nuna maka duk layukan da ke kan NIN ɗinka. Wanda ba ka sani ba, a cire shi.

Kiran da ke zuwa da ladabi

Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta shigo shagona, waya a kunne, katin banki a ɗaya hannun. Ta ce, “Ɗana, karanta min lambobin bayan nan, idona ba ya gani sosai, yaron banki ne ke jira.” Ina jin muryarsa ta cikin wayar, Hausa tsaf, yana ta “Hajiya, a yi sauri, ƙarfe sha biyu za a rufe.” Na ce, “Hajiya, don Allah a kashe tukuna.” Ta dube ni da mamaki ta ce, “Ai ya san sunana, har ranar haihuwata ya faɗa, kuma yaron akwai ladabi.” Da ƙyar ta yarda ta kashe. Muka kira lambar da ke rubuce a jikin katin nata, aka ce asusunta lafiya lau, babu wanda ya neme ta.

Sanin sunanka ba shaida ba ce. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da na NIN, a kan kuɗi ƙalilan, wani ma naira 100 kacal. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta kuma gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. Ko ta ina bayanan suka fita, ka ɗauka lambobin da ke nuna kai wane ne na iya kasancewa a hannun wani tuni. Shi ya sa yake kiran ka, abin da ya rage masa yake nema.

Makaminsu biyu ne, gaggawa da kunyarmu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a katse mai magana, ba a ƙaryata mutum a fuskarsa, ba a kashe wa wanda ya yi sallama waya. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ita suke hawa. Ba sai ka yi faɗa ba, ba sai ka zagi kowa ba. Ka ce, “Na gode, zan zo banki da kaina,” ka kashe. In da gaske akwai matsala, tana nan tana jiran ka a reshe. Kada ka sake kiran lambar da ta kira ka, kada kuma ka nemo lambar banki a Facebook, shafukan bogi sun yi yawa. Ta jikin katinka ita ce abin dogaro.

Irin wannan kira ne ke cin WhatsApp. Wani zai ce shi ɗan guruf ɗinku ne na tsofaffin ɗalibai, ko na Islamiyya, ko na 'yan kasuwa, za a yi taro da daddare, an turo maka lamba 6, ka karanto a sa sunanka. Lambar nan ita ce ta mayar da WhatsApp ɗinka wayarsa. Daga nan sai 'yan uwanka su fara samun saƙo da hotonka: “Ina asibiti, taimaka min da dubu ashirin, gobe zan mayar.” Maganinsa yana cikin saitin WhatsApp, sashen asusu, tabbatarwa mai mataki biyu: ka zaɓi PIN mai lamba 6, ka sa imel ɗinka. In an riga an ƙwace, sake yin rajista da lambarka a wayarka, sabuwar lambar da za a turo maka za ta fitar da shi. In ya riga ka sa PIN, za ka jira kwana 7, amma shi an riga an kore shi. Ku kuma masu samun saƙon neman kuɗi, ku kira mutumin ku ji muryarsa kafin ku tura ko sisi.

Takarda da shagon kwamfuta

Nan fagena ne, don haka zan faɗa ba kwana-kwana. In injin fotokwafi ya fitar da takarda ta yi baƙi ko ta karkace, mai ita yakan ce a sake, ya ɗauki mai kyau ya tafi. Lalatacciyar fa? Kwandon shara. Daga kwando sai hannun masu sayen tsofaffin takardu, daga nan sai wurin mai ƙosai ko mai gyaɗa. Na taɓa sayen awara da yamma, ina buɗe ƙunshin sai ga rabin fom ɗin wani bawan Allah, hotonsa ya jiƙe da mai, amma NIN da lambar waya da sunan mahaifiyarsa duk suna karantuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shagona yanzu lalatacciyar takarda mai ita nake miƙa wa. In ka je wani shago, kai ka nema, haƙƙinka ne. Ka kai gida ka yayyaga ko ka ƙona.

Kwafin da za ka miƙa wa makaranta, ko mai gidan haya, ko wurin neman aiki, ɗauki biro ka rubuta a kansa, ta yadda rubutun zai ratsa gefen hoton: “Don neman gurbin karatu kawai,” ka sa kwanan wata. Wanda ya tsince shi zai sha wuya kafin ya kai shi wani wuri.

In ka turo wa mai shago takarda ta WhatsApp don ya buga, tsaya a kansa ya goge ta daga waya da kwamfuta, har da kwandon sharar kwamfutar. In ka buɗe imel ɗinka a kwamfutar shago, fita da hannunka, kuma in ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, ka ƙi. Mai shagon kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ɓata rai don ka nemi haka, canza shago.

Ɗalibai da iyayensu, ku saurara. Rajistar JAMB da layin da aka tura NIN zuwa 55019 ko 66019 take tafiya, kuma za a ci gaba da bukatar wannan layi da imel ɗin har bayan an sami gurbi. Kada a yi da layin mai shago, kada a yi da imel ɗinsa, komai amincinsa. Yaro ya buɗe nasa, ya riƙe kalmar sirrinsa. Haka bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ke neman NIN da BVN gaba ɗaya: ɗalibi ya zauna kusa da mai cikewa, ya shigar da sirrinsa da yatsunsa. Murnar samun gurbi ko kujerar Hajji kuma kada ta sa a ɗora hoton takardar ko fasfo a Facebook da lambobi a fili.

In za ka kai waya gyara, cire sim da memori. In za ka sayar, fita daga asusun Google, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Tallafi, aro, da sayar da suna

Wannan ne ya fi ci min rai, domin talauci ake amfani da shi. Mutum zai shigo unguwa da littafi da waya, ya ce tallafi ne na mata ko na manoma, a kawo NIN da BVN, a tsaya a ɗau hoto, wani lokaci har a ce ki juya kai hagu da dama a gaban kyamara. Wannan juya kan shi ne tantance fuska da manhajojin kuɗi ke nema kafin su buɗe asusu. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai matasa masu bin mutane suna sayen bayanansu a kan naira 1,500 zuwa 2,000, a buɗe asusu da su, a riƙa wuce da kuɗin damfara ta ciki. Ranar da bincike ya biyo sawun kuɗin, sunan da ke kan asusun za a nema, ba wanda ya zo da littafi ba. Na san halin da ake ciki, na san abin da dubu biyu ke yi a gidan da ba a ɗora tukunya ba. Amma uwargida, sunanki ya fi haka.

Kafin a ba da komai, a tambaya: wace hukuma ce, ina ofishinta, mai unguwa ya san da zuwansu? Linkin da ake yaɗawa a WhatsApp, mai cewa ka tura wa mutum goma kafin ka samu, ƙarya ne duk inda ya fito. Shafukan gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa, ka karanta adireshin har ƙarshe. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba ka ikon tambayar duk mai karɓar bayananka me zai yi da su.

Aro ma haka yake. “Yaya, ara min NIN ɗinka in haɗa layina.” “Aboki, za a turo min kuɗi, asusuna na da matsala, ba ni naka.” Mu mutanen Kaduna mun san abin da ake yi da layin waya a harkar garkuwa da mutane. Layin da ke kan NIN ɗinka, duk kiran da aka yi da shi kai ne a rubuce. In ɗan uwa ne ba shi da NIN, raka shi ya yi nasa, wannan shi ne taimakon. Sim ɗin da aka riga aka yi wa rajista kuma, wanda ake tallarsa a bakin titi, kada ka saya.

Manhajojin bashi na gaggawa, ban ba kowa shawarar su ba. In ya zama dole, duba ko suna cikin jerin da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta amince da su. Tun 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store leƙa lambobin mutane da hotunan waya, don haka wadda aka turo maka ta WhatsApp aka ce ka sauke, tana neman izinin shiga sunayenka da saƙonninka, guje ta.

A wurin POS abin ba shi da tsawo. Kati kada ya bar idonka, kai za ka danna PIN, ka rufe da tafin hannu, ka dubi adadin da aka rubuta kafin ka danna. Dattawa da yawa sukan miƙo min kati su faɗi lambar da ƙarfi a gaban layi. Nakan juya musu na'urar in ce, “Baba, a danna da hannu, zan nuna wurin.” Rasit kuma a tafi da shi.

In ta riga ta faru

Sa'ar farko ita ce komai, kuma banki ake fara rufewa kafin a nemi waya. Bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci ce: na Zenith *966*911#, na Access *901*911#. Tambayi bankinka tasa tun yau, ka rubuta ta tare da lambar asusunka da lambar kiran bankin a takarda, ka ajiye a gida, kwafi ɗaya a aljihu. A cikin wayar da za a sace ba ta da amfani. In ka toshe, kira kamfanin layi su rufe sim, sannan ka sanar da iyali da guruf-guruf ɗinka cewa duk saƙon da ya zo da sunanka ba kai ba ne.

Washegari da sassafe ka je reshen banki. In an cire kuɗi, rubuta ƙorafi, ka sa ranar da lokacin da adadin, ka karɓi lambar ƙorafin, ka riƙe kwafi mai hatimi. Saurin kai rahoto ne ke ba banki damar neman a tsayar da kuɗin a asusun da suka faɗa, in ba a riga an kwashe ba. Kada kunya ta sa ka ɓoye yadda abin ya faru. In kai ka karanta OTP, faɗi haka, ba kai ne na farko ba, kuma gaskiyar ce za ta nuna musu inda za su bi. Kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, ita ce shaidarka in an aikata wani abu da sunanka daga baya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa sojan gona da bayanan wani a cikin laifukan da ake ɗauri a kansu, EFCC kuma tana da ofishin shiyya a nan Kaduna. In banki ya yi ta jan ƙafa, kai ƙara sashen kare masu hulɗa na Babban Banki da lambar ƙorafin nan. In kamfanin layi ne, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar ƙorafi 622, kyauta ne.

In ka dawo da layinka, canza duk PIN da kalmar sirri, ka fara da imel. Bayan wata ɗaya ko biyu, nemi rahoton bashinka daga ɗaya cikin kamfanonin da ke tattara shi, CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar samun rahoto ɗaya kyauta a shekara. A nan ne za ka ga ko an ci bashi da sunanka, ka ƙalubalance shi a rubuce tun kafin ya hana ka wani abu. Wanda kuma zai kira ka ya ce zai dawo maka da kuɗin in ka biya wani abu, kashi na biyu ne na damfarar.

Saura iyayenmu da ba sa karatun boko. A ware mutum ɗaya amintacce a gida, ya zauna da su ya sa PIN na sim, lambar da za su iya riƙewa, a ajiye katin PUK wurin da aka sani. A gaya musu duk kiran da ya ambaci banki, amsarsa ita ce, “Bari ɗana ya zo.” In kuma an yi rasuwa, Allah ya jiƙan magabatanmu, kada a miƙa wa yara wayar mamaci da sim a ciki, kada kuma a bar layin ya mutu a sayar wa wani. Magada su riƙe shi, su sanar da banki da takardar shaidar rasuwa a dakatar da asusun, har a gama rabon gado.